Ƙoƙon Gitar Lantarki: Martani Ga Masu Cewa Wuta Ke Kiɗa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin malamai ƴan'uwana da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, tun daga Yamai har Damagaram, ana faɗinta da murmushin wanda ya gama bincike: wai gitar lantarki ba kayan kiɗa ba ce, wuta ke kiɗa, a ɗauke kuran a ga abin da zai rage. Maganar tana da ƙanwa, ita kuma a bakin masu shirya bukukuwa take kwana: wai ampili duk ampili ne, aikinsa ɗaga murya, saboda haka wanda ya fi yawan wat shi ya fi, in ma babu, sai a soka wayar gita kai tsaye cikin tebirin sono kowa ya huta. Masu maganar farko kishin gargajiya suke taƙama da shi, masu ta biyu kuwa zamani suke yi wa kirari, kuma ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba. Duk da haka maganganun nasu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Dukansu sun ɗauka akwatin nan da ke bayan makaɗi ɗan aike ne kawai, mai maimaita abin da aka faɗa masa da babbar murya. Ni kuwa ina cewa akwatin nan rabin kayan kiɗan ne, kuma wanda bai san abin da fitila da taransifo da lasifika ke yi a cikinsa ba, bai cancanci ya zauna kujerar alƙalin gasa ba, bai kuma kamata a damƙa masa kuɗin ƙungiya ya je sayen kaya ba.

Mu fara da abin da babu mai gardama a kansa. Ɗauki goge, ka cire ƙoƙon, ka bar sanda da izga, sa'an nan ka goga. Abin da za ka ji bai fi kukan sauro ba. Izga ce ke kaɗawa, gaskiya ne, amma ƙwarya da fatar guza su ke ba ta murya, kuma kowane makaɗi ya san girman ƙwaryar da kaurin fatar da irin ɗaurin da aka yi mata duk suna sauya amo, har ma ya san bambancin fatar da ta sha rana da wadda sanyin damina ya saki. Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi ya yi ƙoƙon kuntiginsa, ba a kuma taɓa jin wanda ya ce gwangwani ke waƙa ba. To, gitar lantarki irin wadda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1950 dunƙulallen katako ce, ba rami, ba ƙoƙo. Abin da aka yi shi ne an raba kayan kiɗa gida biyu: tsirkiya a hannun makaɗi, ƙoƙo a ƙasa bayansa, waya ta haɗa su. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiya ta kaɗa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wata ƴar wuta ta haifu a cikin naɗin, wadda galibi ba ta kai bolt 1 ba. Wannan ƙa'ida Michael Faraday ya gano ta a Ingila tun 1831, tana nan cikin littafin ƴan lisenmu. Ƴar wutar nan ba amo ba ce tukuna, ba kunnen da zai ji ta. Wanda ya ce a ɗauke kuran a ga abin da zai rage daidai yake da wanda ya fasa ƙwaryar goge ya ce wa mai goge, to kaɗa mu ji.

Gaɓa ta farko ita ce fitila. Sunan da Faransawa suka ba ta ke nan, saboda tana ja kamar garwashi in tana aiki, ko da yake ba don haske aka yi ta ba. Kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe wa iska. A tsakiyarta akwai ɗan ƙarfe da ake gasawa da wuta bolt 6,3 har ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, a gefe kuma akwai faranti mai ɗauke da ɗaruruwan bolt yana jan ƙwayoyin zuwa gare shi. John Ambrose Fleming ya ƙera ta farko a 1904. A 1906 Lee de Forest ya saka wata ƴar raga tsakanin ƙarfen da farantin, kuma ragar nan ita ce dukan sirrin. A kanta ake ɗora ƴar wutar da ta fito daga gita, sai ta riƙa buɗe hanya tana rufewa, kamar mai ban ruwa a garka wanda ke tare bakin kwari da tafin ƙafa: ɗan motsi kaɗan a wurinsa, ruwa mai yawa ya bi ko ya tsaya. Ƙananan fitilu irin 12AX7 su ke fara karɓar amo su ɗaga shi, manya irin 6L6 ko EL34 ko EL84 su ba shi ƙarfin da zai iya tura lasifika.

Da a nan aikin ya tsaya, da masu cewa ampili ɗan aike ne sun yi gaskiya. Sai dai fitila tana da iyaka, kuma yadda take isa iyakar tata shi ne abin da ya sa makaɗa suka maƙale mata shekara da shekaru bayan radiyo da talabijin sun yi watsi da ita. In aka matsa mata fiye da ƙarfinta ba ta tsayawa cak. Lanƙwasawa take yi sannu a hankali, tana daddanne kan amon, kuma wannan dannewa tana haifar da wasu sababbin amo a kan na asali, waɗanda zan kira ƴaƴan amo. Tsirkiya ta biyar ta gita, in an sake ta, tana kaɗawa sau 110 a sakan. Fitilar da aka matsa wa za ta ƙara mata mai sau 220, da mai 330, da mai 440, haka har sama. Mai 220 ɗin amon farko ne ya hau bene, kamar mace da namiji suna rera baiti ɗaya, kunne yana jin sa kamar kauri da ɗumi. Na uku yana kawo kaifi. Na bakwai da na tara da waɗanda ke samansu, in suka yi yawa, su ke soke kunne. Ƙaramar fitila takan danne ɓangare ɗaya na amon fiye da ɗayan, shi ya sa take yawan haihuwar ɗa na biyu. Manyan kuwa galibi bibbiyu ake haɗa su suna lugude, kamar mata biyu a turmi guda, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Luguden nan yana kashe ƴaƴan biyu da huɗu da su kansu suka haifa, ya bar na uku da na biyar, daga nan ne gurnanin nan yake fitowa wanda ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne.

A nan nake so masu cewa wuta ke kiɗa su tsaya su saurara. Tunda shaƙewar fitila a hankali take zuwa, yatsan makaɗi ne ke yanke hukuncin inda za ta fara. Ya shafi tsirkiya da laushi, amo ya fito garau. Ya fizge ta da ƙarfi, fitila ta shaƙe ta yi gurnani, alhali bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Kuma da yake tana danne farkon amo mai ƙarfi, ta kuma tallafi wutsiyarsa mai rauni, sai amon ya yi tsawon rai, ya riƙa jan numfashi kamar na goge, abin da gitar katako ba ta iyawa. Ba makaɗa biyu gita ɗaya da ampili ɗaya, ba za ka ji murya ɗaya ba. In wuta ce ke kiɗa, me ya hana ta yi wa kowa kiɗa iri ɗaya?

Injiniyoyi dai aibi suka ɗauki wannan shaƙewa, suka yi ta neman maganinta. Da aka ƙirƙiro taransisto a 1947, marar zafi, marar fashewa, mai araha, an zaci kwanan fitila ya ƙare. Kamfanin Fender da kansa ya fitar da ampilai masu taransisto a 1966, makaɗa suka juya masu baya, cikin ƴan shekaru aka daina yin su. Dalili ɗaya daga cikin dalilan shi ne taransiston wancan zamani, yadda ake haɗa shi, garau yake tafiya har ya ci karo da bango, sa'an nan ya datse kan amon kamar da almakashi, ya zubo da ƴaƴan amo na can sama masu ɗaci.

Gaɓa ta biyu ba a cika kula ta ba, don ba ta haske, nauyi kawai gare ta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ampilin fitila daga mota zuwa dandamali ya san shi, taransifo ne ke karya masa ƙugu. Guda biyu ne. Na farko yana karɓar bolt 220 na bango ya ɗaga shi zuwa 400 ko fiye domin farantan manyan fitilu. A tsofaffin ampilai wata fitila ta dabam, irin GZ34, ita ke daidaita wannan wuta, kuma tana da wata ɗabi'a: in makaɗi ya bugi tsirkiyoyi duka da ƙarfi, manyan fitilu suka zuƙi wuta gaba ɗaya, sai ƙarfin ya ɗan faɗi na ƙiftawar ido kafin ya dawo. Amon yakan ɗan durƙusa sa'an nan ya miƙe ya buɗe. Injiniya zai ce rauni ne. Makaɗa da yawa kuwa wannan numfashi suke nema da kuɗinsu.

Na biyun ya fi muhimmanci, shi ne taransifon mafita, wanda ke tsakanin fitilu da lasifika. Fitilu suna magana da bolt mai yawa da kwarara kaɗan, suna son nauyin aiki na kimanin om 4000. Lasifika kuwa om 4 ne ko 8 ko 16, kwarara mai yawa take so. Harshensu ba ɗaya ba ne, sai da tafinta. Taransifo shi ne tafintan: naɗin waya biyu a kan zuciyar ƙarfe guda, na fitilu ya ninka na lasifika yawan zagaye kamar sau 22 in lasifikar mai om 8 ce. Mu da muke cin abinci tsakanin Faransanci da Hausa mun san babu tafintan da ke mayar da magana yadda ya karɓe ta, sai ya rage wani abu, ya ƙara wani, ya bar warin bakinsa a kai. Haka shi ma. Zuciyar ƙarfen tana da iyakar maganaɗisun da za ta iya ɗauka, kuma amo mai kauri, na manyan tsirkiyoyi, shi ke fara cika ta. In ƙarama ce sai ta ƙoshi da wuri, ta rage kaurin, ta haɗa shi da wani ɗan gurnani nata. In babba ce sai kaurin ya wuce da ƙarfinsa, a tsaye. Yadda aka jera naɗin kuma, wani kan wani, shi ke yanke yawan siririn amon da zai tsira. Maƙera biyu su naɗa taransifo bisa lissafi ɗaya, kunne ya rarrabe su.

Akwai kuma wata dabara da ake kira mayar da amo baya: a ɗebo kaɗan daga abin da ya fito daga taransifo, a juya shi, a maida shi ciki don ya ja wa ampilin linzami. Fender yana sa wannan linzami, shi ya sa amonsa ke da natsuwa. Vox AC30 na Ingila, wanda ya fito a 1959, wanda ƙungiyar Beatles ta yi suna da shi, ba shi da linzamin ko kaɗan, shi ya sa yake saurin hawa, yake da ƙyalli kamar ƙararrawa.

Gaɓa ta uku ita ce fatar wannan ƙoƙo, wato lasifika, kuma a kanta ne masu shirya bukukuwanmu suka fi yin ɓarna. Faifan takarda ne mai siffar mazurari, faɗinsa santimita 25 ko 30, naɗin waya da maganaɗisu suna tura shi gaba da baya. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20.000 a sakan, kuma lasifikokin sono an yi su ne su bi wannan fage gwargwadon iko, har da ƴan ƙananan bakuna na musamman domin siririn amo. Lasifikar gita kuwa da gangan aka bar ta da nakasa. Daga wajen 80 take farawa, daidai da tsirkiya mafi kauri mai kaɗawa sau 82, in ta kai wajen 5000 sai ta faɗi warwas. Wannan nakasa ita ce rariya. Duk ƴaƴan amon nan masu ɗaci da shaƙewa ta haifa a can sama, ita ke tace su, ta bar masu daɗi. Ka ɗauki amon gita da ya shaƙe ka zuba shi kai tsaye cikin tebirin sono, ka tsallake rariya ke nan, abin da jama'a za su ji shi ne zugar ƙudan zuma cikin gwangwani. In kuwa ba a shaƙe yake ba, sai ya fito siriri, busasshe, kamar ana kaɗa wayar shanya. Daga nan sai dattijon da ke layin gaba ya toshe kunne ya ce, ai na faɗa maku wannan ba kiɗa ba ne. Laifin mai sono ne da wanda ya ɗauko shi, amma makaɗi ke komawa gida da kunya.

Takardar kanta ba ta motsi gaba ɗaya kamar faranti. In amo ya yi sama, sassanta sukan riƙa rawa dabam dabam, wani yanki ya yi gaba wani ya yi baya, kamar fatar ganga, kuma daga wannan rawa ne kowace irin lasifika take samun muryarta: Jensen ta Amurka da tata, Celestion ta Ingila da tata. Nauyin da take ɗora wa ampili ma ba tsayayye ba ne. Om 8 ɗin da aka rubuta a bayanta suna ne kawai, yakan haura sosai a wajen amo mai kauri, ya sake haurawa a wajen siriri, kuma ampilin fitila, da yake bai riƙe ta da ƙarfi ba, sai ya bi ta duk inda ta nufa. Su biyun ja-in-ja suke yi, ba umarni da biyayya ba. Akwatin ma yana da baki a maganar: mai buɗaɗɗen baya yana watsa amo ko'ina cikin ɗaki, mai rufaffen baya yana harba shi gaba kamar dutsen majajjawa.

Batun wat kuwa, bari in gajarta. Ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kacal yake kawowa, abin da kunne ke ji kamar ɗan ƙari. Kafin mutum ya ji amo ya ninka sai an ninka wat kamar sau 10. Lasifikar da ta fi wata iya aiki da desibel 3 ta riga ta yi maka abin da ninka wat zai yi. AC30 ɗin nan wat 30 ne, ya kuwa cika manyan zauruka. Ga wani abu kuma: ampilin fitila mai wat 100 ba zai kai inda muryarsa ke daɗi ba sai ya kurmantar da rabin gidan matasa, alhali mai wat 15 zai kai can mutane na zaune lafiya. Ma'ajin ƙungiyar da ya shiga kanti yana tambayar wanne ya fi wat, kamar mai sayen goge ne da awon kilo.

Wanda duk bai gamsu ba, ga hujjar da tarihi ya ajiye mana. A 1962 wani mai kantin ganguna a Landan, Jim Marshall, da abokan aikinsa Ken Bran da Dudley Craven, suka kwaikwayi ampilin Fender Bassman na 1959, don na Amurka ya yi wa samarin Ingila tsada. Zanen hanyar wutar kusan ɗaya ne. Amma fitilar farko ta Fender 12AY7 ce, mai ɗaga amo kamar sau 40, su kuwa suka sa mai ɗagawa har sau 100. Taransifon da suka samu a Ingila dabam ne da na Amurka. Maimakon lasifikokin Jensen 4 masu santimita 25 cikin buɗaɗɗen akwati, suka sa Celestion masu santimita 30 cikin rufaffe. Abin da ya fito, JTM45, bai yi magana da muryar ubansa ba sam, kuma da suka koma ga fitilun EL34 bayan ƴan shekaru sai tazarar ta ƙara faɗi, har aka sami amon da Jimi Hendrix ya girgiza duniya da shi. Kama da wane ba ta wane. Zane ɗaya, an sauya fitila da taransifo da lasifika, an sami dangi biyu na kiɗa. In ampili duk ampili ne, daga ina wannan bambanci ya fito?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne zai kira gurnanin gita ƙazanta. Makaɗan Amurka da Ingila sai da suka yi haɗari ko ɓarna kafin su gano daɗinsa. Ana ba da labarin cewa ampilin Willie Kizart lalacewa ya yi a hanya kafin a ɗauki waƙar Rocket 88 a Memfis a 1951, aka ɗauka da shi haka nan. Link Wray ya huda lasifikarsa da fensir, Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga tasa da reza a 1964. Mu kuwa tun kaka da kakanni da gangan muke yi. Me ya sa ake shimfiɗa tsirkiya a kan fatar ganga, in ba don ta yi zuga ba? Me ya sa ake maƙala ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan sandar garaya? Maƙwabtanmu na Mali da Burkina suna liƙa yanar gizo-gizo a ramukan goran balafon don amon ya yi dishi-dishi. Kunnenmu bai taɓa yarda cewa amo tsirara shi ne amo mai kyau ba. Wannan ra'ayi na tsabtar amo daga ɗakunan kiɗan Turai ya zo mana, ta hanyar lakkwal, kuma abin dariya ne a ce masu kare gargajiya su ne ke riƙe da ma'aunin baƙo suna auna ƴaƴansu da shi. Marigayi Malam Maman Barka, wanda malamin makaranta ne kamarmu kafin gurmi da biram su kai shi duniya, bai taɓa jin kunyar zugar kayan kiɗansa ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce gitar Abzinawa, wadda ta fi kowace fitar da sunan Nijar waje, ba a kan ampilin fitila ta girma ba. A gidajen biki na Agadas da Abalak da Cintabaraden ƙananan akwatunan taransisto ne masu aiki da batir ko gurup suka raine ta, kaset kuma ya yaɗa ta. Haka ne. Amma wannan ƙarin hujja ce a gare ni. Saurari faifan Group Inerane na 2007, ka ji yadda ƙaramar lasifika da aka matsa wa har wuya ta zama ɓangaren kiɗan, ba yadda za a cire ta a bar waƙar yadda take. Saurari Agadez na Bombino na 2011, ka bi shi da Nomad na 2013 da aka ɗauka a Nashbil tare da Dan Auerbach: yatsu ɗaya ne, amma amon ya yi kauri, ya yi gashi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya fara da gitar da ya harhaɗa da wayar birkin keke, in ka ji Afrique Victime na 2021 za ka gane cewa ihun ampili kalma ce daga cikin kalmomin waƙar, fushin da ke ciki ba zai faɗu da amo mai ladabi ba. Ban ce fitila ce kaɗai hanyar tsira ba. Roland JC-120 na Japan, mai taransisto, tun 1975 makaɗa ke son sa saboda garau ɗinsa, kuma wannan garau ɗin ma murya ce da aka zaɓa. Na'urorin kwamfuta masu kwaikwayon ampili, tun daga POD na kamfanin Line 6 a 1998, sun yi nisa ƙwarai, har ana iya soka su cikin sono ba tare da ɓarna ba. Amma me suke kwaikwaya? Shaƙewar fitila, ƙoshin taransifo, rariyar lasifika, har da durƙuson wuta. Injiniyoyi sun ɓata shekaru suna koya wa kwamfuta aibobin da kakanninsu suka yi yaƙi da su.

Haka kuma ba na tare da dillalan da suka mayar da fitila tsafi, masu rantsuwa cewa tsohuwar kwalbar wani kamfani da ya mutu ita ce ke da albarka, a biya ta ninkin ba ninkin. Sauya tambarin fitila ɗaya da wani abu kaɗan yake canzawa in aka gwada da sauya lasifika, ko ma da jan akwatin daga jikin bango. Gaskiyar da ta fi damun mai ƙaramin ƙarfi ita ce masana'antun fitila ƴan kaɗan suka rage, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma a 2022, da yaƙin Yukren ya ɓarke, fitilu sun yi wuya har a kasuwannin Turai, balle a Maraɗi.

Wannan ne ya kawo ni ga asarar da rashin sani ke jawo mana. Ampilin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka na bolt 120 ne, a soka shi a bangonmu mai 220, hayaƙi ne zai ba da amsa. Ko an sa masa abin rage wuta, taransifon da aka naɗa domin kuran mai juyawa sau 60 a sakan ya fi yin zafi a kan namu mai 50, ga kuma zafin bazara da ƙurar hunturu. Ampilin fitila in aka kunna shi aka kaɗa ba tare da an haɗa lasifika ba, ƙarfin da ya rasa mafita yakan koma ya huda naɗin taransifon mafita, wanda yana cikin mafi tsadar kayan cikinsa, kuma yaran sono da suka saba da taransisto ba su san haka ba. Cikinsa kuma yana riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare waya, yana iya kashe mai karambani. Waɗanda suka san waɗannan abubuwa a garuruwanmu su ne tsofaffin masu gyaran radiyo na bakin kasuwa, waɗanda suka koyi sana'a tun radiyo na da fitila, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna da su da alƙalami. Leo Fender mai gyaran radiyo ne, bai iya kaɗa gita ba. A can an rubuta littattafai a kansa. A nan ƙungiyoyinmu suna gayyatar marubuci da mawaƙi da mai wasan kwaikwayo, amma ban taɓa ganin an ba mai gyara kujera a zauren taro ba, alhali maƙerin kalangu da mai jeme fata muna ƙirga su cikin masu al'ada. Malaman kimiyya kuma suna zana taransifo a allo shekara bayan shekara, yara na hamma, ga shi kuwa darasin Faraday gaba ɗaya yana cikin akwatin da yaran nan ke bi da gudu ranar biki.

Ga alƙalan gasa, waɗanda na sha ganin suna rage wa yaro maki wai amonsa bai fita da tsabta ba: ku fara tambaya ko shi ya zaɓi gurnanin ko kuwa sono ne ya ci amanarsa, don na farko gwaninta ce, na biyu laifin masu masauki. Ga masu shirya biki kuma, abin da ake nema gare ku bai kai kuɗin lemon manyan baƙi ba. Ku bar makaɗi ya zo da ampilinsa, ko ku tanadi ƙarami guda mai lasifikar gita ta gaske. A ɗora shi a kan kujera don ya daina yi wa ƙafafu kiɗa, a kafa mikro a gabansa, tazarar yatsu uku ko huɗu daga ragar, sa'an nan a kai wayar mikron ga tebirin sono. In an saita mikron a tsakiyar faifan amon zai yi kaifi, in an ja shi wajen gefe zai yi taushi. Kafin a ɗaure sandar mikron, a kira makaɗin ya sauko ƙasa inda jama'a za su zauna, wani ya kaɗa masa, shi ya faɗi inda za a tsayar da shi.